Yaya zan koya wa ƙannenmu aikin labo har ya zauna musu a hannu?

Hadiza, Dang, Ngaundare

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa koya wa ɗan'uwansa ɗalibi aikin ɗakin gwaji, ko shi aka koya wa ta wannan hanya.

Ina shekara ta biyu a master, ɓangaren biyoloji. A hutun bara na samu wata uku na koyon aiki a wani labo a Yawunde. A can na fara riƙe pipet, na'urar ɗibar ruwa ɗan kaɗan bisa ma'auni, da hannuna, bayan na shafe shekara huɗu ina zana ta a takardar jarabawa. Na koyi fitar da DNA, wanda mu nan muke kira ADN, na koyi PCR, wato ninka guntun DNA ya yi yawa, da zuba jel, wanda ake rarrabe guntayen DNA a cikinsa da lantarki, na kuma ga yadda ake sa wa bakteriya plasmid, ɗan zoben DNA mai ɗauke da umarni, ta karɓa. Ranar da na buɗe na'urar ɗumi da safe na tarar da ɗigo-ɗigon ja a kan farantina, ni na sa wa bakteriyar nan umarnin jan launi da hannuna, sai da na fita waje na kira mahaifiyata a waya.

Ga wanda bai san fannin ba: abin da ake kira biyoloji santetik shi ne a ɗauki guntayen DNA da aka san aikin kowanne, a harhaɗa su kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye, a sa wa bakteriya ko yis, ta riƙa samar da wani abu da ake buƙata. Tushensa ya daɗe. Tun 1982 ake sayar da insulin da bakteriya ke samarwa, kuma kakata da ke fama da ciwon suga da irin wannan ilimi take rayuwa.

Da na dawo, mu bakwai muka haɗa ƙungiya. Burinmu wata rana mu shiga gasar iGEM ta ɗaliban wannan fanni, wadda ta faro a MIT ta Amurka, tun 2022 kuma ake babban taronta a Paris. Ɗaliban Ashesi ta Gana da na Makerere ta Yuganda sun taɓa zuwa, to mu me zai hana? Amma a cikinmu bakwai, mu biyu kaɗai muka taɓa aikin da hannu. Shi ya sa muka ce mu fara koya wa junanmu, mu kuma buɗe wa ƙannenmu 'yan lisans, wato masu digiri na farko, ƙofa.

Mun yi na farko wata Asabar a Fabrairu, da izinin malaminmu. Mutum 24 suka zo, pipet ɗinmu huɗu. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya ni kaɗai nake magana, ina nuna hotuna a bango. Sannan muka fitar da DNA na albasa da gishiri da sabulun wanke-wanke da alkol mai sanyi. Wannan kowa ya ji daɗinsa, farin zaren nan ya taso kamar yauƙin kuɓewa, aka yi ta ɗaukar hoto. Da muka zo kan jel, ni na zuba, ni na sa samfur a ramuka, su suna tsaye a bayana suna leƙe. Na ce wa wani yaro ya haɗa wayoyin, muka tafi sallar azahar. Muna dawowa muka tarar jel fayau, ko shuɗin launin babu. An sa ramukan a ɓangaren jar waya, DNA kuwa wajen jar waya yake gudu, sai ya bi ta gajeren gefen ya fice cikin ruwa. Laifina ne, domin ban duba ba, kuma ban gaya masa dalilin da ya sa ramuka ke zama wajen baƙar waya ba.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Bayan mako biyu na kira shida daga cikinsu na ce kowa ya ɗebo mini mikrolita 15 na ruwa (mikrolita 1000 ne mililita 1). Huɗu sun danna pipet har ƙasa kafin su tsoma, wato sun wuce matsaya ta farko, suka ɗebo fiye da kima. Ɗaya ta fara murɗa P20, pipet ɗin da iyakarta mikrolita 20 ce, za ta wuce iyakar, na riƙe mata hannu. Duk waɗannan sun zo ranar, sun rubuta a littafi, sun ce sun gane. Na koma ɗaki raina a ɓace.

Yanzu ga shi wasu ɗalibai biyar daga Marwa sun ji labari, suna so su zo mu yi kwana uku tare a hutu mai zuwa. Tafiyar kusan kilomita 500 ce, da kuɗin aljihunsu. Ba na so su koma da hotuna a waya kawai. Abin da muke da shi: pipet huɗu, na'urar PCR ɗaya da ake ara mana, akwatin jel ɗaya, sikeli, firiza da muke raba wa da wasu, da wutar da ba a yi mata alƙawari. Da me zan fara? Mutum nawa ya kamata a ɗauka? A kwana uku har ina za a iya kaiwa?

Akwai kuma wata tambaya da ban so in saka ba, amma tana raina. Mahaifina ya ce mini: «Wannan aikin naku, ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?» Na san wasu cikin masu zuwa za a yi musu irin wannan tambaya a gida.

Baba Sale, Marware, Garwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin ɗakin gwaji a nan Garwa kafin in yi ritaya, yara masu koyon aiki da suka bi ta hannuna ban san iyakarsu ba. Abin da ya same ki ya sami kowa, sai dai ke kin koma kin gwada su bayan mako biyu, wanda da yawa ba sa yi.

Ki ajiye hotunan bango. Ranar farko gaba ɗaya ta pipet ce, ba PCR, ba jel. Ki dafa folere, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira zoɓo, ba suga, ki tace shi sosai da ƙyalle. Suga na sa ya yi danƙo. Ki shimfiɗa leda fara a kan tebur, kowa ya jera ɗigo goma na mikrolita 10. Idan hannu ya daidaita, ɗigon nan goma za su fito kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Idan bai daidaita ba, ba sai kin yi magana ba, shi da kansa zai ga wani ƙato wani ƙarami. Jan launin ne malaminsa.

Bayan haka ki kai su sikeli. Mikrolita 1000 na ruwa giram 1 ne. Kowa ya ɗebo da P1000, babbar pipet mai ɗibar mikrolita 1000, sau goma, ya rubuta abin da sikeli ya nuna kowane karo, a gaban abokinsa. Wanda lambobinsa ke tsalle ya sake. Ta nan kuma za ki gane ko pipet ɗinku ma suna da lafiya, don idan duk wanda ya riƙe wata pipet yana samun ƙasa da giram, to ba hannu ba ne, ita ce.

Maganar matsaya biyu kuwa, kada ki bayyana da baki. Ki sa ya rufe ido, ya danna a hankali har ya ji babban yatsansa ya ci karo da wani abu. Wannan ce ta farko, da ita ake ɗiba. Ya ƙara ƙarfi ya ji ta sauka, wannan ta biyu ce, ta fitar da ɗigon ƙarshe. Ya yi sau ashirin ido a rufe, pipet ba komai a ciki. Ya koyi saki a hankali kuma, don wanda ya saki maɓalli da sauri ruwa zai tsalle ya shiga cikin pipet ɗin. Kuma kada a taɓa kwantar da ita alhali da ruwa a tsininta.

Pipet huɗu, mutum takwas ke nan. Ɗaya na yi, ɗaya na kallo yana gyara masa, sai su sauya. Ba tara ba. Na san da wuya a ce wa mutum ba wuri, amma gara takwas da suka iya da ashirin da suka gani.

Ke kuma ki sa hannuwanki a aljihun farar rigarki. Da gaske nake. Duk lokacin da kika karɓi pipet daga hannun yaro don ki nuna masa, kin ƙwace masa darasin. Ramin jel ɗin da kike tsoron ya huda, bar shi ya huda. Ki zuba musu jel na gwaji, su yi ta cika ramuka da launi kawai har hannu ya daina rawa. Gwiwar hannu a kan tebur, ɗan yatsan ɗaya hannun yana tallafe da jikin pipet. Agaroz, garin da ake yin jel da shi, na da tsada, don haka na gwajin ki yi shi da agar na yau da kullum, wanda ake shuka bakteriya a kai, ramuka ne kawai ake buƙata.

Sai maganar tsabtace kaya. Idan ba ku samu otoklaf ba, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, tukunyar kokot babba, mai matse tururi, tana yi, irin mai kaiwa digiri 121. Ƙa'idar ita ce minti 15 zuwa 20, ana fara ƙirga daga lokacin da tururi ya kama, ba daga ɗora tukunya ba. Amma ku a Ngaundare kuna kan tudu, sama da mita 1000, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, don haka tukunyar ba za ta kai zafin da take kaiwa a nan Garwa ba. Ku ba ta minti 30. Ku nemi tef ɗin nan da ke fitar da baƙaƙen layuka idan ya ji zafi, ku kuma riƙa ajiye faranti ɗaya da ba a shuka komai a kai ba ya kwana a ɗumi. Idan da safe wani abu ya tsiro a kansa, aikin jiya duka abin zargi ne.

Wani abu da ke kayar da masu koyo: maganin da ake sa wa agar don ya hana bakteriyar da ba ta karɓi plasmid ba tsirowa, musamman ampisilin, zafi na kashe shi. A jira kwalbar ta huce har mutum ya iya riƙe ta a tafin hannu ba tare da ya saki ba, wajen digiri 50 ke nan, sannan a zuba. Na sha ganin an zuba da zafi, washegari faranti ya cika maƙil, yaro na murna yana zaton aikinsa ya yi kyau.

Na'urar ɗumi kuma, ta ƙyanƙyasar ƙwan kaji tana aiki a kusan digiri 37 da rabi, bakteriyar ku kuma 37 take so. A wanke ta, a keɓe ta ga wannan aiki kawai, kada ta sake ganin ƙwai.

Ki gaida mahaifinki.

Abakar, Farsha, Njamena

Yaya Hadiza sannu da ƙoƙari. Baba Sale ya gama magana a kan pipet, ni zan ƙara abin da muka gani a nan.

Mu ba mu da ƙungiya mai suna, mu biyar ne da muka yi koyon aiki a wurare daban-daban, kowa ya dawo da abu ɗaya da ya iya. Ni jel, wani PCR, wata shuka bakteriya. Abin da ya yi mana amfani shi ne wannan sharaɗi: ba a cewa ka iya abu sai ka koya wa wani a gaban wanda ya koya maka. Ka gani yau, ka yi gobe, jibi ka koyar. A ranar koyarwar ce ake gane ramin da ke kan mutum. Ni sai da na tsaya gaban wata ƙanwarmu ta tambaye ni me ya sa ba a narka agaroz da ruwan famfo, sai da ruwan labo na musamman da ake kira TAE, na ga cewa ina yi ne kawai don haka aka nuna mini. Na koma na karanta maganar gishirin da ke ɗaukar lantarki da kuma riƙe pH. Don haka baƙinki na Marwa, rana ta uku ki kawo musu 'yan lisans biyar sababbi, su koya musu pipet da jel, ke kina zaune a gefe da biro. Dama abin da za su koma su yi ke nan a Marwa.

Maganar wuta ita ce ciwon kanmu. PCR na zagaye 30 yana cin kusan awa biyu: digiri 95 DNA ya rabu, wajen 55 farama, wato gajerun guntayen DNA masu nuna inda za a fara, su kama, 72 anzim, sinadarin da ke yin aikin, ya gina. In wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa sai an sake daga farko. Mu muka haɗa kuɗi muka riƙa aron batirin sola da inbata na wani mai shagon cajin waya, ranar aiki kawai. Ki duba bayan na'urarku ki ga wat nawa take ja kafin ki ɗauko inbata, kada ta fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi wuta cin rai shi ne anzim. A digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye su. Mun taɓa sa wani ya taho mana da Taq, anzim ɗin PCR, daga kudu a cikin kula da ƙanƙara, motar ta kwana a hanya, kafin ya tsallako gadar Ngeli daga Kuseri ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Taq ɗin ya yi aiki, don shi daga bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone aka samo shi, yana da juriya. Ligaz ɗin da ke tare da shi kuwa, anzim mai liƙa guntayen DNA, bai sake haɗa komai ba. Tun daga nan muke rarraba kowane anzim a ƙananan bututu, a fito da ɗaya kawai, sauran suna can ƙasan firiza tsakanin gorunan ruwa da suka daskare. In wuta ta tafi, kada kowa ya buɗe firizar.

Ki nemi labarin Mboalab a Yawunde, tunda ƙasarku ce. Sun yi aiki a kan samar da anzim a cikin gida, tare da masu bincike na Kambirij ta Ingila. Mu nan har sha'awarku muke yi a kan wannan.

Na ƙarshe, harshe. Takardar matakai da Faransanci take, ba laifi. Amma bayani a bakin tebur, ki yi shi da harshen da mutum ke tunani da shi. Mu da Larabcin Cadi muke yi, wani lokaci da Hausa. Ku kuna da Fulatanci da Hausa. Na lura wanda ya yi shiru in ana Faransanci, da an juya harshe sai tambayoyi su ɓarke.

Malama Zainabu, Domayo, Marwa

Ni ina koyar da kimiyyar halittu a lise, wato sakandare, kuma zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗi ba.

Hadiza, wata uku kika yi. Ba raini ba ne, amma wata uku ba ya sa mutum ya san duk inda yake kuskure. Abin da kika ɗauko daidai za ki ba mutum takwas, abin da kika ɗauko a karkace shi ma za ki ba mutum takwas, su kuma su kawo mana shi Marwa. Ɗalibi ya koya wa ɗalibi abu ne mai kyau, ni ma a ajina ina sa su yi. Amma dole a samu babba da ya karanta takardar matakanku ya sa hannu, kuma yana cikin ginin ranar da za ku taɓa bakteriya. Izinin baki bai isa ba.

Ban ga inda kika yi maganar shara ba. Plasmid ɗin da kuke sa wa bakteriya yana ɗauke da abin da ke sa ta jure maganin kashe ƙwayoyin cuta, da shi ake tace wadda ta karɓa daga wadda ba ta karɓa ba. Wannan ba abin zubarwa a kwata ba ne, a garin da yara ke wasa a bakin lambatu kuma ake sayen ampisilin a kan tebur a kasuwa. Kowane faranti ya koma cikin kokot kafin ya fita daga ɗakin. Ruwan da aka shuka bakteriya a ciki a zuba masa jabel, wato bilic, ya jima aƙalla minti 30. Tukunyar nan kuma ta bar kicin har abada. Ku tsaya kan E. coli ta labo, irin K-12, wadda aka raunana. Kada wani mai zumuɗi ya ce bari mu ɗebo ruwan rijiya ko wani abu daga asibiti mu shuka mu gani, don ba ku san abin da zai tsiro ba. Idan da etidiyom boromaid kuke rina jel, wannan ba na hannun mai koyo ba ne, haka fitilar UV tana ƙona ido da fata. A nemi rini marar haɗari da shuɗiyar fitila, ko babba ya yi wannan matakin. Ba ci, ba sha, ba goro a ɗakin, kuma a ɗaure mayafi a cusa shi cikin riga saboda wutar bunsen.

Ki kuma sani Kamaru na da doka a kan wannan fanni tun Afrilun 2003, wadda ta shafi halittun da aka sauya wa DNA. Ki sa malaminku ya zauna da ku rabin awa a kanta. Ita gasar da kuke buri ma ba ta karɓar aikin da bai cika takardun kariya ba.

Kuma baƙinku kada su taho da faranti ko bututun bakteriya a jaka zuwa Marwa don tsaraba. In ana so a raba kaya, malami da malami su yi.

Tambayar mahaifinki kuwa, tambaya ce ta mai hankali, kada ki ji nauyinta. Ni ba malamar addini ba ce, ba zan ba da fatawa ba. Abin da nake gaya wa iyayen ɗalibaina shi ne ba wanda ya halicci ko ƙwaya ɗaya daga babu. Bakteriyar halittar Allah ce, jan launin da kika gani daga wata halittar teku aka samo umarninsa. Manomin da ya yi wa mangwaro aure ya ɗauki reshen wannan ya ɗaura a jikin wancan, bai halicci mangwaro ba. Inda ake tsayawa a yi tambaya shi ne me za a yi da shi, wa zai amfana, wa zai cutu. Ki kai shi wurin malamin da ya yarda da shi, ki yi wa malamin bayanin aikin dalla-dalla da misalin insulin ɗin kakarki, ku ji abin da zai ce.

Usumanu, Bini

Yaya Hadiza, ni ne na haɗa wayoyin ranar. Na ga kin ce laifinki ne, amma ni ma na ga ja da baƙi ban tambaya ba, don mutane sun yi yawa kuma ina jin kunyar a ce ban sani ba. Da mu uku ne ko huɗu da na tambaya. In za a sake, don Allah a sa ni cikin 'yan lisans da baƙi za su koya wa. Tun ranar na rubuta a bangon littafina cewa DNA na gudu ne zuwa ja.

Hadiza, Dang, Ngaundare

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana biyar ban amsa ba don ina so in gwada kafin in yi magana.

Baba, na dafa foleren. Mu bakwai na ƙungiya muka fara da kanmu ranar Laraba. Ɗigona goma, biyu sun fi sauran girma a fili, kowa ya gani. A sikeli kuma muka gano ɗaya daga cikin P1000 ɗinmu biyu tana ba da ƙasa da giram a hannun kowa, har ni. Wato da ita muka yi aikin Fabrairu. Mun manna mata jan tef, malaminmu ya ce zai sa a duba ta. Saura uku ke nan masu lafiya, don haka lissafinka ya koma mutum shida: baƙi biyar da ɗaya daga cikinmu. Na gwada sa hannu a aljihu, ya fi yadda na zata wuya. Sau biyu na tsinci hannuna ya kai rabin hanya.

Malama, maganarki ta yi mini zafi daren da na karanta, da safe kuma na ɗauki takardun matakanmu na kai wa malaminmu. Ya samu kuskure biyu. Na rubuta a bar bakteriya a digiri 42 na minti 45, alhali daƙiƙa 45 ne, da an bi takardar da duk sun mutu. Kuma ban sa farantin shaida ba, wato wanda ake shuka bakteriyar da ba a ba ta plasmid ba a kan agar mai magani, a tabbatar ba abin da ya tsiro. A Yawunde wani ne ke shirya wannan farantin, ni ban taɓa lura cewa yana cikin aikin ba. Ya yarda zai kasance a labo rana ta biyu gaba ɗaya, shi zai yi maganar doka da shara da safe kafin a buɗe komai. Mun sayi kokot ta biyu ta shara kaɗai, kowa ya ba da sefa 2000. Rinin jel ɗin da ake amfani da shi a nan etidiyom ne, don haka shi zai rina ya ɗauki hoton, mu mu tsaya a kan zubawa da cikawa da haɗa waya.

A wuri ɗaya ban bi ki duka ba. Da kika ce wata uku bai isa ba, na ji kamar kin fi karkata ga a jira sai mun ƙware. Ni ina ganin in muka jira, ƙannenmu za su gama lisans kamar yadda na gama, ba su taɓa pipet ba. Za mu yi, amma da babba a ɗaki.

Ga yadda muka tsara. Rana ta farko pipet da sikeli har azahar, da yamma cika ramukan jel na gwaji, sannan a dafa agar a zuba faranti. Rana ta biyu da safe a sa wa bakteriya plasmid: minti 30 a ƙanƙara, daƙiƙa 45 a ruwan digiri 42 da za mu riƙe a filas ɗin shayi da ma'aunin zafi a ciki, a mayar ƙanƙara, a ba ta awa ɗaya ta farfaɗo, a shuka. Da yamma jel na gaske, kuma ba mai barin ɗakin sai mun ga shuɗin launi ya fara tafiya wajen jar waya. Rana ta uku a duba faranti, a ƙirga, sannan shawarar Abakar: su koya wa 'yan lisans. Usumanu, sunanka ne na farko. PCR na cire shi gaba ɗaya daga wannan zuwan. Na'ura ɗaya ce, mutum ɗaya ke danna ta, sauran kallo za su yi, kuma in wuta ta tafi yamma ta tafi a banza.

Jan launin yakan ɗauki lokaci kafin ya fito sosai, wani lokaci fiye da kwana ɗaya, ina tsoron kada su kama hanya faranti na fari-fari. Ina tunanin in roƙe su su ƙara kwana, su tafi da safiyar rana ta huɗu. Matan biyu za su sauka a ɗakina, mazan uku wurin Usumanu da abokinsa.

Mahaifina ya ce in kawo masa hoton farantin, kuma ranar Juma'a bayan masallaci za mu je wurin limamin unguwarmu tare.

Abakar, inbatan da kuke ara wat nawa ne, kuma yana riƙe na'urar ɗumi har safe? Ita ce ba na so ta mutu a daren rana ta biyu.